Gemun Auduga da Takobin Kara: Hukuncin Wasan Zama Wani

Idan azumi ya kai goma, yaran Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa, sun gaji fita tashe bayan an sha ruwa, ko da yake halin rashin tsaro da ake ciki ya sa iyaye da yawa ba sa barin yaro ya yi nisa da ƙofar gida da dare. Sai ka ga ɗan shekara tara ya liƙa auduga a haɓa, ya cusa tsumma cikin riga ya yi doro, ya ranƙwafa a kan sanda yana tari irin na tsofaffi, abokansa na biye da shi suna amshi. Maigidan da aka tsaya a ƙofarsa ya san ɗan wane ne, wataƙila ma shi ya raɗa masa suna, amma sai ya ce masa sannu baba, ya miƙa masa hatsi ko 'yan canji. Ba a taɓa kai irin wannan yaro gaban alƙali don ya yi ƙaryar shekaru ba. Kowa ya san akwai bambanci tsakaninsa da wanda ya rage shekarunsa a takardar neman aiki. Sai dai sanin bambanci daban, iya faɗin inda yake daban, kuma buƙatar faɗinsa ta taso ne saboda wani irin wasa da ya bazu a duniya, wanda waya ke kawo wa matasanmu labarinsa da 'ya'yansa da jikokinsa.

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan da suka kira Dungeons & Dragons. Ba allo gare shi irin na ludo ba, ba kuma gurabe irin na dara. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki wani mutum na ƙirƙira ya zama shi: wannan mayaƙi, wancan maharbi, wancan mai sanɗa. Kowa yana da takarda da aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Mai jan labari zai ce kun iso bakin wata tsohuwar rijiya, kuna jin kuka daga ciki, me za ku yi? Abin da suka zaɓa shi zai juya labarin, in kuma abu ne mai iya yiwuwa ko ƙin yiwuwa, sai a kaɗa ɗan ludo mai fuska ashirin ya raba gardama. Mutanen labarin suna hawa mataki-mataki, a bugun yanzu daga ɗaya zuwa ashirin. Kamfani yana sayar da labaran da za a buga, amma masu sha'awar wasan sun daɗe suna rubuta nasu suna raba wa juna, kuma da yawan waɗannan an yi su ne don 'yan matakin farko, wato raunana waɗanda ba su mallaki komai ba tukuna. Ra'ayina shi ne zama wani a cikin wasa ba ƙarya ba ne, kuma wanda ya tsaya yaƙi a wannan fage ya bar fagen da ya fi muhimmanci. Abin da ya cancanci bincike shi ne wane irin mutum yaro yake gwada zama, da wanda ya rubuta masa labarin.

Masu cewa ƙarya ce ba da ka suke magana ba. Akwai hadisi a wajen Abu Dawud da Tirmizi da ke yi wa mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya kashedi mai tsanani, kuma sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha amma ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba. A kan irin waɗannan dalilai ne wasu malaman zamani, kamar Bakr Abu Zaid na Saudiyya, suka rubuta littafi suna hana wasan kwaikwayo. Amma me ya sa ƙarya ta zama ƙarya? Mai ƙarya yana so ne ya dasa wani abu a zuciyarka wanda ya san ba haka yake ba, kai kuma ba ka sani ba. Ya saci yardarka. To yardar wa aka sata a zaman da mutum biyar suka amince tun kafin a fara cewa rijiyar nan babu ita, kukan ma babu shi? Bahaushe ya warware wannan tun kaka da kakanni. Mai tatsuniya ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ba ta izini, in ta gama kuma ta rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ta buɗe ƙofa a gaban kowa, ta rufe a gaban kowa, ba wanda ya fita yana neman gidan Ƙoƙi.

Zaurukan karatunmu ma sun daɗe da zama lafiya da ƙagaggen labari. Duk almajirin da ya yi nisa a lugga ya san Muƙamar Hariri, muƙama hamsin da malamin Basra da ya rasu a 1122 ya gina a kan mutum biyu da ba a taɓa haifa ba, Harisu ɗan Hammam mai ba da labari da Abu Zaid mutumin Saruj, gwanin baki kuma gwanin damfara. Hariri ya san za a zarge shi, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa da cewa aikinsa ɗan'uwan labaran da ake sa wa dabbobi a baki ne, waɗanda ba wanda ya ɗora wa masu ruwaito su laifi, kuma niyya ita ce ma'auni. Ƙarni tara ke nan malamai suna karantar da littafin da alwala. Haka kuma da aka yi gasar rubutun Hausa a Zariya a 1933, waɗanda suka kawo Ruwan Bagaja da Ganɗoki, Abubakar Imam da yayansa Bello Kagara, 'ya'yan gidan malanta ne, kuma Bello, wanda ya kai jaruminsa har ƙasar aljanu, shi ne daga baya ya zama Walin Katsina. Mafi ƙarfin dalili kuwa yana cikin Abu Dawud ɗin da aka kafa hujja da shi. Iska ta ɗaga labule a ɗakin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, Annabi ya ga 'yan tsanarta, cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta doki da fukafukai, ta kare dokinta da labarin dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Doki mai tashi sama shi ne ainihin irin halittar da waɗannan wasanni suka cika da ita, kuma ba a ce a cire masa fukafukan ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka ce wasa ne ya kuɓuta. Shari'a da kanta ta ware wasu abubuwa da wasansu gaske ne, aure da saki da kome, kuma Suratut Tauba ta ƙi karɓar uzurin waɗanda suka yi izgili da Allah da ayoyinsa da Manzonsa suka ce raha suke yi. Ware waɗannan yana nuna cewa a wajensu wasa wasa ne, yana kuma nuna cewa akwai kalmomin da harshe ba ya aronsu. A nan ne littattafan wasan da aka rubuta a Amurka suke da matsalar da bai kamata a rufe ta da murmushi ba. Cike suke da gumaka da masu bauta musu da matsafa, kuma ɗan wasa yakan ɗauki matsafi ya zama shi. A can ma an yi rigima: wata mata mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983 bayan mutuwar ɗanta, kotu ta kori ƙararta, amma kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Sai dai yanayinmu ya fi nasu nauyi. Yaron Amurka da ya ce ya yi tsafi ya ɓace, ba shi da boka a ƙarshen layinsu. Yaron Zurmi yana da shi. Layar zana da baduhu da maganin ƙarfe da maganin bindiga ba tatsuniya ba ne a arewacin Zamfara, kaya ne da ake saye da kuɗi, ɗan daji yana ɗaure da guru, wanda ya fito farautarsa ma sau da yawa yana ɗaure da nasa, kuma mutane sun mutu saboda sun gaskata harsashi ba zai shiga ba. Labarin da zai koya wa ɗan wannan yanki cewa asiri shi ne hanyar nasara yana zuba ruwa ne a kan shukar da ta riga ta tsiro. Don haka mai shirya wasa a nan ba shi da hurumin sa yaro ya kira sunan wani iska na bori, ko ya yi wa gunki sujada da sunan kwaikwayo, ko ya zama Annabi ko sahabi. Aljani da dodo da maye za su iya zama cikin labari kamar yadda suke cikin tatsuniya, a matsayin abin da ake tsoro ake kuma cin nasararsa, boka kuma ya fito a yadda yake, mai cin kuɗin mutane.

Sai maganar ɗan ludo, wadda 'yan boko kan so su tsallake. Hadisin Muslim ya kwatanta mai wasan nardu, wanda da ɗan ludo ake yin sa, da wanda ya tsoma hannunsa cikin naman alade da jininsa, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hani a kansa, Risala kuma, wadda kowane ɗalibin fiƙihu a Shinkafi ya bi ta kanta, ta hana nardu da shaɗaranji ko ba a sa kuɗi ba. Wani zai ce ai ƙuri'a halal ce: Annabi yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, Alƙur'ani ya ba da labarin masu jefa alƙalumansu a kan wa zai riƙi Nana Maryamu, da ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa a jirgi. Abin da Suratul Ma'ida ta haramta shi ne caca da kibiyoyin neman sanin rabo. Ɗan ludon wasan labari ba ya kawo wa kowa kuɗin wani, ba kuma gaibu ake tambayarsa ba, ya fi kama da ƙuri'a. Hujja ce mai ma'ana, amma ba ta isa ta sa mabiyin Malikiyya ya kwanta da hankali ba, domin malamai da yawa sun ɗora hanin a kan kayan wasan kansa da kuma jingina sakamako ga sa'a. A ganina ba a buƙatar cin wannan gardama. Wasan yana tafiya ba tare da ɗan ludo ba, har an buga irinsa a Amurka tun 1991 mai suna Amber, inda mai jan labari ke yanke hukunci bisa ƙarfin kowa da dabarar da ya kawo. Kacici-kacici ma zai iya raba gardama, wanda ya amsa ya tsallake rijiya. Abin da za a iya ajiyewa ba tare da asara ba, me zai sa a riƙe shi a kan shubuha?

Idan an share waɗannan, sai a zo kan abin da ya sa nake ganin wasan ya wuce a ce masa halal kawai. Sirrin yana wajen 'yan matakin farko. A tsofaffin bugun wasan, mai ƙaramin ƙarfi yakan fara da rai ɗaya zuwa huɗu a takardarsa, alhali saran takobi ɗaya yana iya cire takwas. Wanda ya zama irin wannan mutum dole ya koyi abubuwan da jarumin fim ba ya koyo. Zai tambayi tsohuwar da ke bakin hanya kafin ya shiga kurmi, zai lissafa guzuri da igiya da man fitila, zai gane cewa gudu wani lokaci shi ne hankali, zai kuma gane cewa in ya ɓata wa maharbi rai ba mai kare masa baya. Ba ya iya cin wasan shi kaɗai, domin wasan ba a cinye shi ma, tare ake tsira ko tare ake halaka. Kuma duk zaɓin da ya yi yana biyo shi: in ya ci amanar mai masauki a zaman yau, mai jan labari zai tuna, mako mai zuwa ya tarar an rufe masa ƙofar gari. Malaman tarbiyya irin su Imamu Gazali sun tsaya a kan cewa hali ana samunsa ne da maimaita aiki har ya zama jiki, mai son zama mai kyauta ya dinga tilasta wa kansa bayarwa har ta daina yi masa nauyi. In haka ne, wurin da yaro zai maimaita riƙon amana da shawara da haƙuri alhali yana da damar yin akasinsu, ba tare da an zubar da jinin kowa ba, makaranta ce ko da ba a kira ta haka ba.

Dubi kuma abin da yaron wannan yanki yake gani a zahiri. Ya tashi ya tarar sunan da ya fi kowane amo tsakanin Shinkafi da Zurmi shi ne na ɗan bindiga Bello Turji. Ya ga sa'an yayansa wanda jiya ba ya da ko akuya, yau ya rataya bindiga dattawan gari suna tara masa kuɗi kafin su shiga gonakinsu. Darasin da ke cikin wannan a fili yake, ba sai an rubuta a allo ba: ba a hawa mataki, tsalle ake yi, kuma ƙarfe ne tsanin. Wasannin harbi na waya irin su Free Fire da PUBG, duk da cewa ba su suka kawo ta'addanci ba, labari ɗaya suke maimaitawa, ka sauka, ka tsinci bindiga, ka zama na ƙarshen da ya rage. Yara kuwa ba za su daina kwaikwayo ba don an hana su, abin da idonsu ya gani shi za su yi da karan dawa a bayan gida. Kakanninmu sun gane haka, shi ya sa a kalankuwa bayan kaka samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu su yi mulki na 'yan kwanaki, manya na kallo suna dariya, alhali yaran suna koyon yadda ake sauraron ƙara da yadda ake tsayawa gaban jama'a. Wanda ya hana wasan zama wani gaba ɗaya bai hana komai ba, ya dai janye hannunsa ya bar wa daji zaɓen wanda za a kwaikwaya.

Akwai mai cewa, mutanen da ke kwana da takalmi a ƙafa, waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suka cika makarantu da kangaye, su za ka kawo wa wasan dodanni? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ya isa ya hana mai hankali shirya labarin satar mutane da kuɗin fansa a gaban yaron da mahaifinsa ke hannun 'yan bindiga. Amma bai isa ya hana wasa ba. Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Madina ranar idi, a garin da ya san yaƙi da yunwa, Annabi ya tsaya A'isha tana kallo ta bayansa har ta gaji. Yaron da aka raba da gonarsu da makarantarsu, a ce kuma an raba shi da sa'a guda da zai zama mai yanke shawara maimakon wanda ake yanke wa, wannan ƙarin rashi ne. Game da ɓata lokaci kuwa, hukuncinsa hukuncin ƙwallo ne da hira a dandali: in ya ci salla ko hadda ko aikin gida ya zama laifi, in bai ci ba bai zama ba.

Abin da ya rage shi ne marubuci, kuma a nan al'adar masu sha'awa su rubuta nasu labarin ita ce mafita gare mu, domin ba wanda ya ɗaure mu da gumakan wani. Kayan aiki kuwa a ƙofar gida suke. Labarin baka ya ce sarakunan Zamfara na farko ƙatti ne, kuma ana nuna manyan kaburburansu a Dutsi ta ƙasar Zurmi. Ga kufan Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, ga Alƙalawa da ta faɗi a 1808, Namoda yana cikin jagororin yaƙin, ga tashar da layin dogo ya ƙare a Ƙaura a 1929, inda a da fatake da raƙuma suke haɗuwa da jirgi. Ka ɗauki yara huɗu, almajiri da ɗan maƙeri da 'yar mai fura da ɗan Fulani makiyayi, ka ce rijiyar garinsu ta ƙafe, an aike su kasuwar Shinkafi da jaki ɗaya su sayo guga da igiya su nemo wani tsohon mai haƙar rijiya. A hanya gulbi ya kawo, ɗan Fulani ne kaɗai ya san mashigi. A kasuwa wani ya ba su canji ya yi yawa, ba wanda ya gani. Da dare sun ji kuka a kufai, almajiri ya ce a yi addu'a a wuce, ɗan maƙeri ya ce a leƙa. Ba wanda zai kai gida in ɗan Fulani da ɗan maƙeri ba su yarda da juna ba, kuma duk wanda ya san abin da ya raba Bahaushe da Bafulatani a wannan yanki ya san darajar a ce yara sun kwana suna ceton juna ko da a baki ne. Irin wannan zama ba ya cin data ba ya cin caji. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk Zamfara aka rufe kasuwannin mako, da tabarma da fitila sun ishe shi.

Hukuncin da dalilai suka kai ni gare shi ke nan: wasan halal ne matuƙar kowa ya san wasa ne, ba caca, ba kalmar kafirci, ba ɗaukaka tsafi, ba cin lokacin farilla, kuma barin ɗan ludo ya fi. Kira na ga malaman Islamiyya na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi shi ne, kafin su yi fatawa su zauna su ga zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda kuma, masu karanta littattafan yaƙi suna kwana a kan waya, su ɗauki biro su rubuta wa ƙannensu labari ɗaya na shafi biyar, su kai wa malamin unguwa ya duba kafin a buga.